Yadda Za Ka Shuka wa Matarka Abin da Ba Ta Ce Ba

Kai mai tsakar gida fayau, siminti tun daga zaure har bakin makewayi, matso kusa, yau kakarka ta yanke saƙa. Zan koya maka yadda za ka mai da filin nan da ƙadangaru ke tsallakawa da gudu don kada ƙafarsu ta soyu ya zama lambu. Na kuma yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, lalle wani abu zai tsiro. Wannan ba ya fashi.

Kada ka tambayi takardun shaidata. Na daɗe ina leƙen lambunan mutane ta saman katanga, kuma mai kallo ya fi mai noma ganin kuskure, tunda shi bayansa ba ya ciwo.

Duk darasin nan a kan mutum ɗaya na gina shi, maƙwabcina Jelani na nan Mabera. Mahauci ne ɗan mahauta, cikin waɗanda mu a Sakkwato muke kira Rundawa. Matarsa Na'ima Bakanuwa ce, ta tashi a hannun gwaggonta Mairo, a gidan da ke da ɗan lambu a bayan ɗaki. Ta yi sama da shekara a Mabera ba ta saba da zafinmu ba, ba ta kuma saba da dariyar da dangin miji ke yi wa Kanancinta ba. Don haka ta ɗaure fuska, ta ƙi furta ko kalma ɗaya ta Sakkwatanci. Kowa ya ce "mi", ita sai ta ce "me", har da ja.

Da bazara ta tsananta aka zo aka tafi da ita Kano goyon ciki. A ranar Gwaggo Mairo ta taka simintin gidan ba takalmi, ta yi tsalle irin wanda ta manta rabonta da shi, ta kuma yanke hukunci nan take. Ba za ta dawo da jariri cikin tanderu ba. Na'ima za ta zauna Kano har a yaye, in abin ya dami Jelani ya tattara wuƙaƙensa ya biyo ta, su ma suna da shanu. Ni da kai mun san irin wannan "har a yaye". Wani lokaci yaron har ya shiga makaranta ba a gama yaye shi ba.

To ga yadda Jelani ya yi, kai ma ka yi.

Mataki na 1: Yi alkawarin tun kafin ka san mene ne lambu

Masu ƙaramar zuciya sukan fara da koyo. Kai ka fara da baki.

Jelani yana tsakiyar mayanka da safe wayarsa ta yi ƙara. A dama ana wasa wuƙa, a hagu ana sarar ƙashi, a baya wani bajimi yana bayyana ra'ayinsa game da abin da ake shirin yi masa. Ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa.

Na'ima ce daga Kano. Ta yi magana a hankali, irin ta wadda ta daɗe tana juya abu a ranta. "Maigida, Gwaggo fa da gaske take. Ni kuma ban san da me zan kare ka ba. Tunda na zo gidanka ban ga abu ɗaya da zan nuna in ce don ni aka yi shi ba. Ko ganye guda babu."

Gaban Jelani ya faɗi, don yana son matar nan fiye da yadda yake iya faɗa. Amma namiji ba ya nuna faɗuwar gaba a gaban abokan sana'a.

"Ganye?" in ji shi. "Ai ni na riga na hwara lambu. Hwaɗi abin da kika so, shi za a shibka."

Ko tukunyar fure bai taɓa mallaka ba. Nan take muryarta ta yi haske. Ta ce abu ɗaya take so, abin da Gwaggo ke shukawa a bayan ɗaki tun tana ƙarama, ya shuka mata kuɓewa. Daidai nan bajimin ya sake yin jawabi.

"An gama," in ji Jelani, ya kashe waya.

Mataki na 2: Kada ka taɓa ce wa matarka ta maimaita

Wannan shi ne ginshiƙin darasin, ka riƙe shi da hannu biyu. An ce matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya faɗi haka ba a gaban abokansa aka kira shi a waya ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Abin nan siriri mai yauƙi da Kanawa ke kira kuɓewa, mu guro muke ce masa. Ƙatuwar nan kuma da ake miyar taushe da ita, wadda su ke kira kabewa, mu a bakinmu kubewa ce. Tsakanin kuɓewarsu da kubewarmu babu komai sai 'yar lanƙwasar leɓe, kuma bajimi ya taka ta.

Jelani ya san guro sarai. Ya ma taɓa jin cewa Kanawa na da wani suna da suke kiransa da shi. Amma mutumin da ya tashi a gidan da ake auna darajar miya da yawan tsokar da ke cikinta ba ya ajiye sunayen ganye a ka. Ya nufi kasuwa ya tsaya gaban mai iri.

"Irin kubewa nika so."

"Ga ta, mai kyau, ta bakin gulbi," in ji mai iri, ya ƙulle masa 'ya'ya farare masu faɗi.

Ka ga kyawun abin? Daga ranar duk wanda Jelani ya ce wa kubewa yake shukawa, sai ya duba ya ce ƙwarai kuwa, kubewa ce. Gari guda ya tsaya masa shaida, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Mataki na 3: Zaɓi wuri mai samun rana

Masana sun ce kayan lambu na son rana. A Sakkwato wannan shawara ba ta da wuyar bi. Rufe ido ka nuna ko'ina.

Jelani ya zaɓi gindin bangon ɗakin Na'ima, ya aro guduma ya hau fasa simintin da mahaifinsa ya yi alfahari da shi. Yayyensa suka zo kallo. Babbansu ya girgiza kai ya ce a tarihin gidansu ba a taɓa jin wanda ya yi wa ganye hidima ba, ganye abincin abincinsu ne. Jelani ya ci gaba da duka.

A nan za ka buƙaci mashawarci, kuma ba sai ka nema ba, shi zai zo. Na Jelani shi ne Baba Maigandi, dattijon da katangarsu ke haɗe, wanda ya bar aikin gwamnati ya rungumi aikin gyara wa mutane rayuwa kyauta. Yana da jar akuya guda da yake ji da ita kamar 'yar auta.

Ya leƙo ta saman katanga ya ce, "Jelani, mi kaka gina nan, rijiya?"

"Lambu na, Baba."

"To ka zurhwahwa rami. Shibka ba ta son rowa."

Jelani ya zurfafa har sai da ya fara ganin tushen ginin gidan.

Mataki na 4: Ba ƙasa abinci, amma ka fara ƙona ta tukuna

Taki ruɓaɓɓe ake sa wa shuka, wanda ya kwana biyu ya huce. Wannan kowa ya sani, shi ya sa ba wanda zai gaya maka.

Mahauci ba ya rasa taki. Duk abin da ke cikin tumbin shanun da aka yanka, zubarwa ake yi. Jelani ya yi ta jido shi a buhu a bayan babur, da ɗuminsa, yana juyewa cikin ramin. Layinmu ya ɗauki wani ƙamshi wanda har masu tallan fura suka sauya hanya. Ya watsa iri cikin wannan dahuwa, ya zuba ruwa, ya zauna jira. Abin da ya leƙo ya ga duniya sai ya koma.

"Baki na," in ji Baba Maigandi. "Mutane sun sa ma ido."

Ba baki ba ne, zafin ɗanyen taki ne ya dafa irin. Amma yayin da Jelani ke zaman makoki, takin ya samu sararin ruɓewa, ruwan farko ya sauka a kansa, ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi. Ya koma wurin mai iri. An ce a jefa 'ya'ya biyu ko uku a rami, a bar tazara tsakani. Jelani ya tuna shibka ba ta son rowa, ya zuba cikin tafin hannu a kowane rami.

Duka suka fito. Ko ɗaya bai yi kawaici ba.

Mataki na 5: Ruwa da safe, ruwa da yamma, yaƙi a tsakani

Kada ka ba shuka ruwa da tsakar rana, sai sanyin safiya ko in rana ta yi gora. Jelani ya kiyaye wannan fiye da yadda yake kiyaye cin abincinsa. Duk ranar da sama ta yi rowa, yana dawowa daga masallaci da asuba zai ɗauki bokiti. Gidan ya yi masa faɗi tun tafiyar Na'ima, ba motsin tukunya, ba mai gyara masa "mi" zuwa "me". Kewarta yake yi ƙwarai, kuma da yake bai san inda ake kai kewa ba, sai ya riƙa juye ta a gindin kubewa.

Sai maƙiya. Kaji ka kare su da tsohon gidan sauro. Ƙwari ka jiƙa ganyen dogon yaro ka yayyafa musu, ka bi da toka. Amma akuya, babu littafin da ya gama magana a kanta. Ta Baba Maigandi ta gano akwai wata tsohuwar kafar ruwa a ƙasan katanga, ta shigo ta yi wa lambun aski, ta bar abin da ba ta iya kaiwa ba.

Jelani ya kamo ta da ƙaho ya kai ta gida. Bai ɗaga murya ba. Ya dai shafa bayanta, ya matsa cinyarta, ya ɗan ɗaga ta ya ji nauyi, kamar yadda yake yi a kara, kasuwar dabbobi, in zai saya.

"Baba, akuyag ga ta yi kyau. Ta kai."

Tun daga ranar aka ɗaure ta da igiya biyu. Kuma ka lura da hikimar Ubangiji, cinyewar da ta yi ita ce ragin da ya kamata Jelani ya yi tun farko. Waɗanda suka tsira suka samu fili, suka samu takin tumbi, suka miƙe kamar an aike su.

Mataki na 6: In shuka ta nemi hanya, ba ta

Guro a tsaye yake girma kamar mutumin kirki. Kubewa kuwa yaɗo take yi. Ta cinye ramin, ta bi siminti, ta naɗe igiyar shanya, ta leƙa madafa. Da Jelani ya rasa inda zai taka, sai ya kwaso tsofaffin gadajen shanya kilishi na gidansu, ya kafa sanduna ya ɗora su sama, ya yi mata rumfa daga ƙofar ɗakin Na'ima har zaure. Ta haye ta rufe. Daga nan ta kama rufin kwano ta shimfiɗe a kai, ganye kan ganye, sannan ta tsallaka gidan Baba Maigandi ta tsaya daidai inda akuya ke iya gani ba ta iya kaiwa.

Furanni suka fito rawaya, suka yi ta zubewa ba ɗa. Kada hankalinka ya tashi, na farkon maza ne, aikinsu ke nan, su yi ado su faɗi. Matan na tafe da ɗan ƙulli a gindinsu, zuma kuma ta san aikinta. Ba a jima ba 'ya'ya suka fara kumbura ta ko'ina.

Mataki na 7: Aika rahoto, kada ka aika hoto

Ana cikin haka Na'ima ta sauka lafiya, aka samu mace, aka sa mata Sumayya. Jelani ya je suna Kano, ya ɗauki 'yarsa, ya dawo da zuciya cike. Duk sanda Na'ima ta ce ya turo hoton lambu, sai ya ce a'a, so yake ta gani da idonta. Ka yi koyi da shi. Hoto yana kashe zumuɗi, yana kuma tona asiri da wuri.

Da aka yi arba'in ba a ce komai game da dawowa ba, ya kira Gwaggo Mairo ya gaishe ta, har da rusunawa, ko da yake ba ta ganinsa.

"Malam Jelani, an ce ka zama manomi. Kuɓewar ta kai ina?"

Ya ji yadda ta faɗi kalmar, ya ce a ransa Kanawa dai ba su iya barin magana yadda Allah ya yi ta ba.

"Ta hau bisa ɗaki, Gwaggo."

"Ta hau me?"

"Ɗaki. Ta ma ƙetara gidan maƙwabta."

"Ikon Allah. To 'ya'yan fa, sun kai yatsa?"

"Yatsa? Gwaggo, akwai wadda in ba ka ci ka ƙoshi ba, ba ka ɗaga ta."

Sai ya ji Gwaggo tana ce wa wani a gefe, ita ta san Sakkwatawa da cika baki, amma wannan ya ƙure maleji. Ta dawo kan waya ta ce gani ya kori ji. Za ta kawo Na'ima da kanta, a motar haya, kuma direba ba zai sauke ko jaka ɗaya ba sai ta ga lambun nan. In ƙarya ce, motar da ta kawo su ita za ta mai da su.

Mataki na 8: Gano gaskiya sa'ad da ba ta da sauran amfani

Ana gobe za su taso Na'ima ta kira, murya cike da ɗoki.

"Maigida, har sabon maburgi na saya. Ina isowa zan tsinko ɗanya in kaɗa mana miya, mai yauƙin nan da in ka ɗebo sai ka yanke da yatsa."

Jelani yana tsaye a ƙarƙashin rumfa. Ya ɗaga kai ya dubi wata ƙatuwa da ke reto a saman kansa.

"Yauƙi?" in ji shi.

"Yauƙi mana. Kuɓewa ai yauƙinta ne daɗinta."

A wannan karon ba bajimi, ba wuƙa, kalmar ta shigo kunnensa da ƙugiyarta ta maƙale. Ya yi sallama da muryar da ba tasa ba. Ya zauna bakin ƙofa ya dubi aikin damina guda, ya ce, "Guro. Guro taka nuhi."

An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Guro kuwa ko an yi masa wa'azi ba ya fitowa a kwana ɗaya.

Mataki na 9: Gyara da abin da ka iya

Mai gaskiya zai ɗaga waya ya faɗi abin da ya faru. Kai ba wannan darasin ka zo ɗauka ba.

Washegari da sassafe Jelani ya sayo guro ɗanye cikin kwando, ya ɗebo tsinken tsire, ya hau aiki. Ya soke kowane guro ta gindi, ya maƙala a jikin yaɗo, ɗaya nan ɗaya can. Ka san hannun mahauci da tsinke. Jeri ya yi kyau, tazara daidai, saura kawai a barbaɗa ƙuli.

Baba Maigandi ya leƙo ya daɗe yana kallo. "Ka yanke manyan ka kai gidana a ɓoye," in ji shi, kuma a karon farko shawararsa na da ma'ana.

Jelani ya zaro wuƙa ya kama wuyan babbar cikinsu. Mutumin da ke kayar da sa ba ya ƙifta ido, ya tsaya. Ya san ranar da wannan ta fito kamar ƙwan kaza, shi ya sa mata tsumma a ƙasa don kada siminti ya ƙona ta. Ya mai da wuƙa kube. Ya kife wasu da kwanduna, wasu da tukwane, na saman rumfa ya ja ganye ya rufe. Babbar kuwa ba abin da ya ci ta, sai ya lulluɓe ta da darduma a gefen ƙofa, ta zama kamar wurin zama.

Mataki na 10: Tarbi baƙi da fara'a

Wannan dabara tana aiki ne a kan baƙon da bai taɓa ganin guro a gona ba. Gwaggo Mairo tun kafin a haifi Jelani take shuka shi.

Sun iso bayan azahar, lokacin da zafin kaka ke cin kasuwarsa. Direba ya tsaya a waje da kaya ɗaure. Gwaggo ta shigo gaba, Na'ima a baya da goyo, kan maburgi ya leƙo daga jakar hannunta. Gwaggo ta tsaya cikin zaure ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta dubi Jelani da ke durƙushe yana jero gaisuwa.

"Sannu da aiki, Malam Jelani. Na yi shekaru a duniya, sai yau na ga kabewa ta haifi kuɓewa. Bari in zauna in ƙare mata kallo."

Ta nufi dardumar nan. Jelani ya buɗe baki, kunya ta rufe shi. Gwaggo ta zauna, kujera ta mirgina, sai ga ƙafafun Gwaggo a sama tana salati, ga ƙatuwar kubewa ta fito fili tana sheƙi. Daga bayan katanga aka ji wani dattijo ya ƙware da tari.

Na'ima ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu ta ciro guro ɗaya, ya biyo da tsinkensa. Ta juya shi, ta shinshina, har da sauran ƙamshin yaji. Idonta ya kawo ruwa.

"Kuskuren ban ji zafinsa ba, Maigida. Kowa yana kuskure. Amma wannan tsinken fa? Ni za ka yi wa haka?"

Nan duk dabarun Jelani suka ƙare, kuma ina baƙin cikin sanar da kai cewa ya saki darasina. Ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya.

"Ban ji ki da kyau ba ran nan, kuma girman kai ya hana in ce ki sake hwaɗi. Jiya nig gane. Tsoro nij ji, Na'ima. Na ga in kin iske ba abin da kic ce ba na, komawa za ki yi. Ni ko gidan ga ba ya zamnuwa in ba ki ciki."

Gwaggo ta miƙe tana kakkaɓe zani, ta ɗaga murya ta ce wa direba kada ya kwance komai. Sumayya kuwa, da ta sha zafin mota tun safe, ta tsanyara kuka. Na'ima ta ɗaga labulen ɗakinta ta shige don ta ba ta nono.

Aka bar Jelani da Gwaggo a tsakar gida. Kukan ya ragu, ya ɗauke. Aka jima. Gwaggo ta share wuya da gefen mayafi, sai ta ga ba gumi. Ta zare takalmi ɗaya a hankali, ta taka siminti, ta bar ƙafar a nan. Ta ɗaga kai ta dubi rumfar da ta rufe sama ruf, hasken rana na ɗigowa ta tsakanin ganye kaɗan-kaɗan.

"Gwaggo," in ji Na'ima daga ciki, ƙasa-ƙasa, "shigo ki ji ɗakin nan."

Ɗakin da a da in rana ta take ko kwanon sha ba ya taɓuwa, yanzu ganye ya lulluɓe rufinsa, ya yi sanyi kamar gindin randa. Jaririya ta baje a kan gado tana barci da hannuwa sama. Gwaggo ta fito ba ta dubi kowa ba, ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma a kawo mata ruwa, kuma wannan da ta kayar da ita a yanka ta, ta ga ko cikinta ya kai bakin mai ita.

Na'ima ta fito ta tsaya bakin ƙofa. Ta dubi fasasshen siminti, da gadajen kilishi da aka ɗaure da igiya, da tsumman da aka shimfiɗa wa kowace kubewa. Ta zaro maburgin daga jaka ta rataye shi a ƙusar da ke jikin bango. Sannan ta dubi mijinta, ta gyara tsayuwa, ta buɗe bakin nan da ya yi sama da shekara yana gadin Kananci.

"Baɗi guro za ka shibka man."

Jelani ya ji ta sarai. Ya ji guro, ya ji shibka, ya kuma ji baɗi, wadda ta fi su duka nauyi. Tsakar gidan tsit take, ko akuya ba ta motsa ba. Amma ya matso kusa, ya karkata kunne.

"Mi kic ce?"

Ta kau da kai tana murmushi, ta sake faɗa.

A kula

Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In simintinka ya tafi, ko maƙwabta sun daina gaishe ka saboda taki, ko surukarka ta faɗi ba ta tashi da dariya a ciki ba, kai da ƙaddararka. Alkawarina ɗaya ne, wani abu zai tsiro, ban kuwa ce daga ƙasa kaɗai ba. In kuma taka kubewar ta yi albarka, don girman Allah kada ka aiko mana Mabera. Taushe muke sha safe da yamma tun ranar da direban nan ya kwance kaya.